Illo da Ayabar Fadamar Dumega

Illo ba manomi ba ne, kuma a ƙuruciyarsa bai taɓa zaton zai tsufa babu saniya ko ɗaya a bayansa ba. A ruga aka haife shi, a jejin da ke tsakanin Dumega da Tibiri, inda ubansa yake yada zango duk kaka bayan an kwashe hatsi. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana. Idan yana tafiya sai ya gitta sanda a wuya ya rataya hannuwansa a kai, ko da babu dabba a gabansa. Da uban ya rasu aka raba garke tsakaninsa da ƙanensa Sha'ibu, kowa ya samu abin da zai riƙe gida.

Shekarar da Nasara suka miƙa mulki ita ce shekarar da Illo ya yi kudu da shanunsa cin rani. Sha'ibu bai bi shi ba, don matarsa na da tsohon ciki. A wata mashaya shanun Illo suka cuɗanya da na wasu baƙi, suka kwaso ciwon huhu. Ya juyo da su gida suna tari, suna faɗuwa a hanya ɗaya bayan ɗaya. Da damina, lokacin da ake kiɗa da rawa a Dogon Dutsi ana murnar mulkin kai, shi yana jeji yana feɗe ta ƙarshe, don ko fatar ya tsira da ita.

Sha'ibu ya yi abin da ya kamaci ƙane. Ya ɗaura wa wansa karsana, irin aron da Fulani ke kira haɓɓanaye: ka riƙe ta har ta haihu, ƴaƴan su zama naka, uwar ta koma wurin mai ita. Karsanar ba ta kai ga haihuwa ba, maciji ya sare ta. Sha'ibu ya kawo wata, Illo ya ƙi karɓa. Ya ce hannunsa ya ɓaci, ba zai ƙarar da dukiyar ƙanensa ba bayan ya ƙarar da tasa. Ya ɗauki matarsa Altine suka koma gefen garin Dumega, suka kafa bukka a bayan gidajen maƙera. Ɗiyarsu guda, Shatu, ta riga ta yi aure can wajen Dogon Kiriya. Altine, wadda a da take shigowa gari da ƙwaryar nono a ka, sai ga ta tana surfe da daka a gidajen da take sayar wa nonon.

A cikin aikin mutanen gari, jan ruwa kaɗai Illo ya iya, kuma shi ya kai shi wurin Ɗan'azumi. Wannan ɗan Dumega ne da ya koma Dogon Dutsi yana fataucin goro da tufafi. Yana da garka a fadama, da rijiya mai ruwa kusa, ana shuka albasa da tumatir da rogo. Ya ɗauki Illo ban ruwa da tsaro. Ɗan'azumi ba mugu ba ne. Mutum ne mai saurin ɗokin abu da saurin gajiya da shi.

Wata rana a ƙarshen damina ya sauko daga kamiyo, babbar motar kaya, da wani buhu jiƙaƙƙe, ya kwance shi a gindin rijiya. Wasu kututtura ne a ciki, baƙaƙe, kowanne da ɗan tsiro a kansa. Ya ce ƴaƴan ayaba ne, daga Gaya ya sa aka saro masa su. Ya ce ya ga yadda take a Kurmi, ganye ɗaya ya ishi mutum fakewa daga ruwan sama, kuma yanzu da ma'aikata suka cika Dogon Dutsi, duk wanda ya fara kai musu ayaba ta gida ya gama. Illo bai taɓa ganin bishiyar ba, bai kuma taɓa ɗanɗana ƴaƴanta ba. Ya tambayi yadda ake yi da ita. Ɗan'azumi ya ce rami da taki da ruwa, shi ma iyakar abin da aka gaya masa ke nan.

Illo ya dasa su, suka kama da kyau. Kafin a gama sussukar hatsi kowace ta kai ƙugun mutum, ganye na fitowa a naɗe ya buɗe cikin kwana kaɗan. Illo ya riƙa tsayawa yana kallonsu. Abin ba itace ba ne, ba ciyawa ba ne, in ka latsa jikinta ruwa ne ke tsattsafowa. Mata masu ɗibar ruwa suna leƙe ta saman shinge suna tambayar mene ne wannan.

Sai ɗari ya sauko. Duk wanda ya zauna fadamar nan ya san sanyinta ba irin na tudu ba ne. Da asuba yakan kwanta a ƙasa-ƙasa, ruwan da ya kwana a kwamin shuka ya yi yankan hannu, iskar gabas kuma ta yini tana kaɗawa. Ganyen ayabar ya tsattsage, ya yi rawaya, bakinsa ya ƙone, daga nan ya rataya a jikin uwar ya bushe. Illo ya ƙara ruwa safe da yamma, abin ya ƙara lalacewa. Da Ɗan'azumi ya zo ya gani, sai ya yi tsaki ya ce a tone su a sa albasa a wurin.

Illo ya ɗauki fartanya ya fara da ta bakin shinge. Da ya sare ta, sai ya ga gindin da ke cikin ƙasa fari ne, da ƙarfinsa, da danshinsa. Ya tsuguna ya daɗe yana juya shi a hannu. Ya mai da ƙasa ya rufe, sauran kuma bai taɓa su ba, ya shuka albasar a tsakaninsu. Da zafi ya dawo, sai ga sabon tsiro yana ɓullowa daga tsakiyar busasshen kara, wasu kuma daga gefe. Ba duka suka tashi ba, amma fiye da rabi sun tashi. Altine ta ce tun da shanunsa suka mutu ba ta ga ya ci tuwo ya nemi ƙari ba sai ran nan.

Ɗari na biyu bai same shi a zaune ba. Ya yi tunanin yadda suke yi da maraƙin da aka haifa cikin sanyi: a tare masa iska, a shimfiɗa masa busasshen abu, kada ya kwana a jiƙe. Ya bi gonaki yana roƙon karan hatsi, ya ja darni mai kauri ta gabas, tsawonsa ya fi mutum. Ya naɗe kowace ayaba da gamba, ya zagaya ta da zana, ya ɗaure da igiyar kaba. A gindi ya tara ƙaiƙayi da taki. Nan ma ya yi kuskure. Waɗanda ya ɗaure da ƙarfi ya kuma zuba musu ɗanyen taki, da ya kwance su sai ya tarar sun ruɓe, wari ya buge shi, hannunsa ya nutse a cikin karan. Gara kuma ta shiga zanar ta cinye ta daga ƙasa. A haka ya koya. Ɗauri ya zama sakwa-sakwa. Taki sai busasshe, da toka a zagaye saboda gara. Ruwa sai rana ta yi hantsi, kuma kaɗan. Ran da iska ta kwanta ya kwance bakin zanar su sha rana, kafin la'asar sakaliya ya mayar.

Mutanen gari sun yi ta dariya. Suna cewa Bafillatanin Ɗan'azumi ya yi wa ciyawa riga, shi kuwa yana yawo da tsumma. Danginsa na ruga ba su yi dariya ba, sun daina zancensa ne kawai. Wani matashin ma'aikacin gona ya zo daga Dogon Dutsi a kan babur, ya zagaya garkar, ya yaba darnin. Ya ce wa Ɗan'azumi gaskiya nan ba ƙasar ayaba ba ce, za ta rayu in ana wahala da ita, amma watannin da take tsayawa cik saboda sanyi da zafin bazara za su cinye amfaninta, gara mangwaro ko lemu. Illo yana tsaye yana ji. Bai musa ba, don ya san yaron bai yi ƙarya ba. Ɗan'azumi ya ce a bar su dai tukuna, tun da sun kai nan.

Haka aka yi ta yi. Duk abin da ayabar ta tara da damina sai ɗari ya ci rabinsa, bazara ta ci wani abu a cikin sauran. Altine ta gaji da zancenta. Ta ce masa wata rana, tana tankaɗe, ko kallonsa ba ta yi ba: “Maigida, in ta haihu ma ba taka ba ce.” Ya ce ya sani. Washegari ya tafi da tsohuwar tabarmarsu ya toshe wata kafa a darni.

A shekara ta huɗu damina ta yi gardama. Ruwa ya makara, ya ɗauke da wuri, hatsi ya tsaya bai cika ido ba, ciyawar jeji kuwa tun kaka ta ƙare. A cikin wannan shekarar ce babbar ayabar da ke kusa da rijiya ta fid da kai. Wani abu ne ja-ja mai nauyi ya leƙo daga tsakiyar ganye, ya sunkuyo, ya riƙa buɗewa ɓawo-ɓawo, ƙananan ƴaƴa kore jere a ƙarƙashi. Wata ta biye mata. Sai dai sun fito a mummunan lokaci, ɗari na bakin ƙofa. Illo ya kafa musu rumfa, ya tokare karan da gwafa don kada nauyi ya karya shi, ya rufe nonon ayabar da buhu. Ɗan'azumi ya zo da abokansa ya nuna musu, ya yi wa Illo kyautar bargo, ya ce na farko da zai nuna sai an kai wa mai gari.

Ana tsakiyar sanyi Sha'ibu ya sauko fadama da garkensa. Illo ya hango su tun daga nesa, ya ga ƙasusuwan kwankwaso a tsaye, ya ga maruƙa na tafiya suna haɗa hanya. Waɗannan jikokin shanun ubansu ne, ya san uwar kowace. Suka gaisa a bakin shinge. Sha'ibu ya ce rijiyoyin tudu sun ja, ƴaƴan gawo ma an riga shi kakkaɓewa. Ya roƙi a bar shi ya shayar a rijiyar garka. Illo ya ce wannan mai sauƙi ne, shi da kansa zai ja ruwan ya fitar musu waje. Ya yini yana ja har tafin hannunsa ya fashe.

Da shanun suka sha, Sha'ibu ya tsaya yana kallon koren ganyen da ke leƙowa ta saman zana. Ya ce ya ji a kudu ana sara wa shanu karan wannan abu, ruwa ne zalla. Ya ce ba masu ƴaƴan yake nufi ba, ƙananan na gefe, ko don masu shayarwa.

Illo ya ce, “Ba nawa ba ne, Sha'ibu.”

“Hamma,” in ji Sha'ibu, haka yake kiran wansa tun suna yara, “ran da ka dawo daga kudu da sanda kaɗai, ban tsaya tambayar mi ne nawa mi ne naka ba.”

Illo ya sunkuyar da kai. Ya ce zai ba shi ganyen rogo da duk ciyawar da ke bakin kwami, kuma zai aika wa mai garkar ya tambaya. Sha'ibu ya ce kafin amsa ta zo daga Dogon Dutsi ya san wadda za ta faɗi. Ya karɓi ganyen rogon, ya kora shanunsa ya sauka a can ƙasan fadama.

Bayan kwanaki kaɗan aka yi rasuwa a gidan maƙera, maƙwabtan Illo. Ranar iska ta kwanta, rana ta fito da ɗumi. Ya ba ayabar ruwa da hantsi, ya kwance zana ya bar su a buɗe su sha rana, ya ja ƙaya ya rufe ƙofar garka, ya tafi jana'iza. Liman ya makara, aka daɗe a maƙabarta saboda ƙasar ta yi tauri. Da ya dawo bayan azahar, tun daga kan tudu ya ga darnin gabas a kwance.

Babu abin da ya rage a tsaye. Rumfar ta faɗi, an tattake zanar cikin taɓo, karan ayabar duk an cinye shi har ƙasa, sai zare-zare fari da ya rage. Nonon ayabar da ya kusa ƙosawa yana cikin kwami, an gutsure rabinsa. Shanun da suka yi ɓarnar sun riga sun fita, ban da wata tsohuwar saniya da ƙafarta ta faɗa ramin taki ta kasa tashi. Illo ya san ta. Ya kama ƙahonta ya taimaka mata ta miƙe, ya kora ta waje ta bi sawun ƴan'uwanta. Sa'an nan ya zauna a bakin rijiya. Mata masu ɗibar ruwa ne suka kai labari gari.

Har yau babu wanda ya san ko Sha'ibu ne ya kora su ciki, ko ƙanshin ruwa da ɗanyen ganye ne ya ja su alhali yana barci a gindin gawo. Dabba mai yunwa ba ta buƙatar a nuna mata hanya. Illo bai taɓa tambayarsa ba.

Ɗan'azumi ya zo washegari ya kai ƙara gaban mai gari. Aka kira Sha'ibu. Ya ce garkunan shanu da yawa sun ratsa fadama a ranar, wa ya ga nasa a ciki? Matan suka ce su ɓarna suka gani, ba su ga shanu ba. Sai aka juyo kan Illo. Mai gari ya ce shi makiyayi ne, ya san sawu, kuma shi aka ba amanar wurin. Liman yana zaune a gefe, ya tuna masa cewa Allah yana ji. Dattawan ruga da suka rako Sha'ibu suna tsugune a bayansa, ba wanda ya ɗaga kai.

Illo ya dubi mai gari. Ya ce, “Ranka shi daɗe, shanun gidanmu ne. Na iske guda a ciki, ni na fid da ita.”

Aka yanke wa Sha'ibu biyan ɓarna. Ba shi da abin biya sai dabba, kuma a irin wannan shekarar saniya ba ta da daraja a kasuwa, don haka sai da ya rabu da mafi kyawun karsanunsa. Bai yi wa wansa faɗa ba. Ya wuce ta gabansa a ƙofar fada bai dube shi ba. Kafin sati ya zagayo ya kwashe iyalinsa da abin da ya rage na garken ya ƙetara iyaka wajen Kabi.

Illo ya zaci aƙalla aikinsa zai tsira. Ya koma garka ya tono gindin ayabar ya duba, ya ga da yawa suna da rai, ya fara gyara darni. Sai Ɗan'azumi ya kira shi gefe. Ya ce shi bai zarge shi da komai ba, amma mutane suna cewa Bafillatani ya buɗe wa ɗan'uwansa ƙofa ya tafi jana'iza don a ce ba ya nan, kuma shi Ɗan'azumi danginsa sun dame shi a kan ya ba wani ɗan ƙanensa garkar. Ya ce ayaba kuma ya haƙura da ita, albasa ba ta taɓa kai shi gaban mai gari ba. Illo ya ce saura shekara guda su sake yin ƴaƴa. Ɗan'azumi ya ce ya gaji. Ya ba shi buhun hatsi da goro, ya ce in yana son kututturan ya kwashe.

Ya ɗauki biyu ya dasa a bayan bukkarsa, inda Altine ke zubar da ruwan wanke-wanke. Wurin tudu ne, yashi ne, rijiya kuma da nisa. Ɗaya ta mutu da bazara. Ɗayar ta tsiro, ta yi ganye ƙanana da damina. A ruga an ce ya sayar da ƙanensa saboda ciyawar Bahaushe, ba a ƙara gayyatarsa bikin suna ko aure ba. A gari kuma ba wanda ya sake ba shi tsaron garka. Da kaka saƙo ya zo cewa Shatu ta kusa haihuwa. Altine ta ɗaure kayanta ta bi amalanken masu zuwa Dogon Kiriya. Ta ce ya zo su tafi tare, surukinsu ba zai ƙi shi ba. Ya ce ba zai je ya zauna a inuwar suruki ba, kuma ga ɗari na zuwa, wa zai rufe ayabar? Ta ce to. Ba ta dawo ba, shi ma bai aika a kira ta ba.

Ya rufe ta yadda ya saba, da gamba da guntun zana. Cikin watan sanyi ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Matar wani maƙeri ce take miƙo masa kunu. Ta ga abin a naɗe a bayan bukka, ta ji tausayi, ta riƙa zuba masa ruwa kullum da yamma, ba ta san ana kwancewa ba. Da Illo ya samu ƙarfin fita, ya kwance igiyar, karan ya zubo a hannunsa. Ya tona gindin, ya same shi baƙi har ciki. Ya yi wa matar godiya a kan kunun, bai gaya mata komai ba.

Da ya warke ya yi tattaki zuwa Kabi neman Sha'ibu. Ya bi kasuwannin shanu yana tambaya. A wani wuri aka ce an san shi, amma ya yi gaba tun bara, wasu suka ce kudu, wasu suka ce gabas. Guzurinsa ya ƙare ya juyo.

Sauran shekarunsa ya yi su yana kiwon awakin gari. Da safe mata su koro masa su a bakin kasuwa, da yamma ya maido su, a ba shi tuwo gida-gida. Yakan kai su tudu ta yamma, ko da ciyawa ta fi yawa a gefen fadama. Ƙirjin bai sake shi ba. Ya rasu cikin wata damina, da rana, a gindin wata bagaruwa, awakin suka dawo gari su kaɗai. Maƙera ne suka yi masa wanka, Liman ya yi masa salla. An ba wani mai amalanke saƙo zuwa Dogon Kiriya, amma ruwa ya yanke hanya, sai bayan an yi sadakar bakwai labari ya kai ga Altine.